Danƙon da ke riƙe da ƙasar gona

Kowace shekara, da zarar damina ta kama a ƙasar Arewa, manoman Dogon Dutsi, Matankari, Dankasari, Lugu da Tibiri sukan shiga zullumi iri ɗaya. Ruwan shuka ya sauka, an kai iri gona, hatsi ya tsiro ya yi ganye biyu ko uku. Sai hadari ya taso daga gabas, iska mai ƙarfi tana gabansa. Iskar nan ta kwashi rairayi ta yi ta dukan shuka, wata ta ƙone, wata ta binne. Mai gona ya koma ya sake shuka, wani lokaci har sau uku, irin da ya ɓoye ya ƙare, damina kuwa ta yi nisa. A wasu wuraren kuma ƙasa ce ke daskarewa ta zama faƙo. Ruwa ya zuba a kanta ya wuce, ya tafi ya haƙa kwazazzabo, ko ciyawa ba ta tsirowa a wurin.

Amma duk mai lura ya san cewa ko cikin gona ɗaya ƙasa takan bambanta. Gindin gawo, gefen sabara, da wurin da shanu suka kwana bara, ƙasarsu ta fi duhu, ta fi laushi, tana dunƙulewa a hannu, iska kuma ba ta cika ɗaukarta ba. Taki da inuwa da saiwoyi suna da nasu rabo cikin wannan al'amari. Akwai kuma wani dalili da ido ba ya gani, shi ne wani danƙo da ƙananan halittu ke yi a cikin ƙasa. A kansa za mu yi bayani a wannan karo, domin mu san ko mene ne shi, mu san abin da ke ƙara shi da abin da ke ƙarar da shi.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Ƙasar gona cike take da rai. Ban da gara da tururuwa da tana waɗanda muke gani, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira bakteriya, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Idan aka jera guda 1000 daga cikinsu, tsawon jerin zai yi kamar milimita ɗaya. Cikin ƙaramin cokali ɗaya na ƙasa mai kyau ana iya samun miliyan 100 har zuwa miliyan 1000. A ƙasar da ta gaji kuwa yawansu kan ragu ƙwarai.

Yawancinmu a bakin likita muka fara jin sunan bakteriya, shi ya sa muke ɗaukarsu duka ƙwayoyin cuta ne. Masu sa cuta kaɗan ne a cikinsu. Su ne ke sa nono ya yi tsami, su ne ke mai da kalwa daddawa, su ne kuma, tare da fumfuna, ke ruɓar da kara da kashin dabbobi har su zama taki.

Zaman ƙasa irin tamu yana da wuya ga waɗannan halittu. Wata takwas kan wuce ba ɗigon ruwa. Da bazara zafin saman rairayi yakan wuce digiri 50. Ruwa kuma idan ya zo da ƙarfi yakan kwashe duk abin da bai kama wani abu ba. Saboda haka da yawa daga cikinsu sukan fitar da wani yauƙi su lulluɓe jikinsu da shi. Yauƙin nan yana hana su bushewa da sauri, yana manna su a jikin saiwa ko ƙwayar ƙasa, yana kuma kare su daga masu cin su. Don kansu suke yin sa, amma gona ita ma tana cin moriyarsa.

Mene ne wannan danƙo?

Masana suna kiransa folisakarid. Kalmar daga harshen Girka ta samo asali, ma'anarta kuwa sukari mai yawa. Sunan ne baƙo gare mu, abin kansa kullum muna tare da shi. Sitacin da ke cikin hatsi da rogo da dankali folisakarid ne. Zaren auduga folisakarid ne. Haka ƙaron da ake ɗiba a jikin dakwara, haka kuma yauƙin kuɓewa da na lalo da na miyar kuka.

Ga yadda ginin yake. Akwai wani sukari mai ƙwaya ɗaya da ake kira gulukos, wanda ganyen tsiro ke haɗawa daga iska da ruwa da hasken rana. Abubuwa uku ne a cikinsa: kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, sai haidurojin da oksijin, waɗanda su biyun ne suka haɗu suka yi ruwa. Kowace ƙwayar gulukos tana da kabon 6, haidurojin 12, oksijin 6. Sukarin da muke sa wa shayi ƙwaya biyu ne a ɗaure. Idan aka ci gaba da ɗaura ƙwaya bayan ƙwaya, kamar yadda maƙeri ke ƙulla sarƙa, har suka kai ɗaruruwa ko dubbai, to an sami folisakarid ke nan. Da sarƙar ta yi tsawo sai zaƙi ya ɓace. Shi ya sa garin hatsi ba shi da zaƙi, amma idan hatsin ya jiƙa ya tsiro, sarƙar ta fara tsinkewa, sai zaƙin ya dawo.

Abu uku ke raba wata sarƙa da wata: irin sukarin da aka yi ta da shi, yadda aka ƙulla ƙwayoyin, da kuma ko tana da rassa ko miƙaƙƙiya ce. Sitaci da zaren auduga duka gulukos ne zalla, ƙullin ne kawai ya bambanta. Wannan ɗan bambanci ya sa cikin mutum ke narkar da tuwo amma ba ya narkar da kara. Saniya ma ba da ƙarfinta take narkar da karan ba, bakteriyar da ke cikin tumbinta ce ke tsinka mata sarƙar.

Sarƙoƙin da bakteriyar ƙasa ke yi sau da yawa gauraye ne. Ana samun gulukos a ciki, da ƴan uwansa irin su galaktos da manos, da wasu sukari masu tsami. Wata bakteriya mai suna Azotobacter, wadda masanin ƙasar Holan Martinus Beijerinck ya gano a 1901, tana yin wani danƙo da ake kira aljinat daga sukari masu tsami iri biyu. Da shi take yi wa kanta kwanso ta kwanta ciki har rani ya wuce. Wata kuma mai suna Bacillus subtilis, ita ce babbar ma'aikaciyar daddawa kuma a ƙasa take zaune, tana iya yin nata daga furuktos, sukarin da ya yi yawa cikin zuma.

Halayensa guda huɗu

Na farko, yana riƙe ruwa. Kowace ƙwayar sukari tana da wasu ƴan hannuwa na oksijin da haidurojin waɗanda ke kama ruwa. Doguwar sarƙa tana da dubban irin waɗannan hannuwa, don haka takan sha ruwan da ya ninka nauyinta sau da yawa, ta kumbura, ta kuma daɗe ba ta sake shi ba. Uwargida ta san wannan hali, domin cokali biyu na garin kuka sun isa su kama tukunyar miya. A gona, ƙasar da ke kewaye da saiwa idan tana da danƙon nan ba ta saurin bushewa kamar rairayi tsura. Wannan ba zai maye gurbin ruwan sama ba, amma yakan taimaki ƙaramar shuka ta jure ƴan kwanakin da ruwa ya ɗauke.

Na biyu, yana manna ƙwayoyin ƙasa. A nan sai mu tuna da batir, wanda ke da kai biyu, ɗaya mai alamar ƙari, ɗaya mai alamar ragi. Masu alama iri ɗaya sukan ture juna, masu alama daban sukan jawo juna. Ƙwayar yumɓu alamar ragi gare ta. Sukari mai tsami da ke jikin sarƙa shi ma ragi gare shi. Da an bar su su biyu, da ba su haɗu ba. Sai kalsiyom, sinadarin da ke cikin toka da ƙashi da farar ƙasa, ya shiga tsakani. Shi alamar ƙari biyu gare shi, ya kama yumɓu da hannu ɗaya, ya kama sarƙa da ɗayan. Da haka yumɓu da ƙura da rairayi ke haɗuwa su zama ƴan dunƙule kamar tsaki. Iska tana ɗaukar ƙwayar rairayi guda cikin sauƙi, dunƙule kuwa ya fi ƙarfinta. Tsakanin dunƙule da dunƙule kuma akwai kafofi da ruwa ke bi ya shiga ƙasa, iska ta shiga, saiwa ta ratsa.

Na uku, yana riƙe abincin shuka. Alamar ragin nan da ke jikin sarƙa tana kama fotas da kalsiyom da magneziyom, ta hana ruwa wanke su zuwa can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. A jigawa, inda yumɓu ya yi ƙaranci, duk abin da zai riƙe taki yana da daraja.

Na huɗu, ba ya daɗewa. Tun da sukari ne asalinsa, abinci ne ga wasu ƙwayoyin. Cikin makonni ko ƴan watanni sukan cinye shi. A 1982 wasu masana biyu na ƙasar Ostareliya, Tisdall da Oades, sun kasa abubuwan da ke ɗaure ƙasa gida uku. Akwai masu saurin ƙarewa, su ne folisakarid. Akwai masu ɗan jimawa, su ne saiwoyi da zaren fumfuna. Akwai masu daɗewa, su ne tsohon ruɓaɓɓen taki da ya haɗe da yumɓu. Wannan hali na huɗu shi ya fi shafar manomi, za mu komo kansa.

Inda za mu gan shi a gonakinmu

Wuri na farko shi ne saiwar hatsi. Idan ana cirar shuka bayan ruwa, a ɗaga ɗaya a girgiza ta a hankali. Za a ga wata ƙasa ta zube, wata kuma ta manne a jikin saiwa kamar riga. Bakin saiwa yana fitar da nasa yauƙi, yana kuma zubar da wani kaso na sukarin da ganye ya haɗa. Bakteriya sukan taru a nan su ci, su yi nasu danƙo, gashin saiwa kuma ya riƙe abin da aka manna. A 2017 wasu masana da ke aiki a Dakar ta ƙasar Senegal sun buga sakamakon gwajin da suka yi da irin hatsi daban-daban. Sun tarar wani iri ya fi wani tara ƙasa a jikin saiwarsa, bakteriyar da ke zaune a wurin ma ta bambanta daga iri zuwa iri. Wato shuka kanta tana da hannu wajen zaɓen ma'aikatanta.

Wuri na biyu shi ne saiwar wake da ta gujiya. Ƴan ƙululun nan da ke jikinta gidajen wata bakteriya ce da ake kira rizobiyom. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa azot ne, sinadarin da ake saya cikin takin ure, amma shuka ba ta iya cinsa daga iska. Rizobiyom ce ke kama shi ta ba wake, wake kuma ya biya ta da sukari. Masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka tabbatar da wannan a 1886. Idan aka fasa ƙululu aka ga cikinsa ja-ja, yana aiki ke nan. Dangin rizobiyom suna cikin masu yawan yin yauƙi. A 1985 masana a Amurka sun nuna cewa rizobiyom ɗin wata ciyawar dabbobi mai suna alfalfa, idan ta kasa yin danƙonta, ba ta iya shiga saiwa ta yi aiki. Sarƙar tata kuwa ƙwaya takwas ce ke ta maimaituwa, gulukos bakwai da galaktos ɗaya.

Wuri na uku shi ne saura, wato gonar da aka bari ta huta. A nan akan ga wani siririn ɓawo mai duhu a saman ƙasa, wanda kan yi kore-kore idan ruwa ya taɓa shi. Ɓawon nan mai rai ne. Wasu bakteriya ne masu kama da zare, waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsiro, suka saƙa kansu tsakanin rairayi suka manna shi da yauƙinsu. Wani masani ɗan Nijar, Oumarou Malam Issa, da abokan aikinsa sun yi nazarinsa a wajen Banizumbu, gabas da Yamai, suka buga abin da suka samu a 1999 da 2001. Sun nuna cewa ƙasar da ke da wannan ɓawo ta fi jure dukan ruwa bisa wadda ba ta da shi. Wasu daga cikin ƙwayoyin ma suna kama azot daga iska. Sai dai ɓawon yakan sa wani kaso na ruwa ya gangare, kuma kofaton dabbobi da hauya suna farfasa shi.

Kada a haɗa shi da ɓawon faƙo. Na faƙo matacce ne. Ɗigon ruwa ne ke dukan ƙasa tsirara wadda ba ta da abin ɗauri, ya wargaza ta, ƙura ta toshe kafofi, rana ta gasa ta.

Daga ƙasa zuwa masana'anta

Irin wannan danƙo ya zama haja a kasuwar duniya. A shekarun 1950 wata masaniya mai suna Allene Jeanes, tare da abokan aikinta a wani ɗakin bincike na ma'aikatar gona ta Amurka a garin Peoria, sun gano zantan. Wata bakteriya mai sa wa kabeji cuta ce ke yin sa. Yau ana kiwonta cikin manyan tankuna, a ba ta sukari, a kwashe danƙon a shanya ya zama gari. An yarda a sa shi cikin abinci a Amurka tun 1969, a jikin kwali kuma ana rubuta shi E415. Ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 ya isa ya kaurara ruwa. Yana da wani hali na mamaki: idan yana zaune yana da kauri, idan aka motsa shi ya tsinke, aka bar shi ya koma kauri. Saboda haka ake sa shi cikin man goge haƙori da cikin lakar da ake haƙa rijiyoyin mai da ita. A 1966 kuma Tokuya Harada na ƙasar Japan ya ba da labarin kurdilan, danƙon wata bakteriyar ƙasa wanda ke daskarewa idan aka dafa shi.

Injiniyoyi suna gwada gauraya zantan da rairayi don su hana shi tashi. Sai dai wannan ya fi ƙarfin aljihun manomi, kuma ba ya bukatarsa, tun da masu yin danƙon suna nan cikin gonarsa. Abinci kawai suke jira.

Me ya sa danƙon ke ƙarewa?

Jigawar ƙasarmu ba ta da tanadi mai yawa. Awon da aka yi a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ya nuna cewa irin wannan ƙasa fiye da kashi 90 cikin 100 rairayi ce, kabon ɗin da ke cikinta kuwa bai kai rabin kashi ɗaya ba. Bakteriya ba ta iya ƙulla sarƙar sukari sai da kabon, kabon kuma daga saiwa da kara da ganye da kashin dabbobi yake zuwa.

A zamanin kakanninmu gona takan yi shekaru tana hutawa. Sabara da kalgo da geza su rufe ta, ganye ya zuba, garken Fulani ya kwana a kai. Yanzu jama'a ta ƙaru, gonaki sun rarrabu, saura ta yi wuya. Bayan farin 1973 da na 1984 itatuwa da yawa sun mutu. Kara kuma ya zama kuɗi: da shi ake ciyar da dabbobi, da shi ake darni da rumfa, da shi ake hura wuta, ana kuma kai shi kasuwa. Da an gama girbi sai a kwashe gona ƙaf, abin da ya rage a tara a ƙone lokacin sassabe. To, danƙon bara an riga an cinye shi, na bana kuma ba a bar abin yin sa ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ma'aikacin da bai ci ba ba zai ɗaure ƙasa ba.

Abin da manomi zai iya yi

Ba mu ce a hana dabbobi kara ba, domin kowa ya san halin da ake ciki da bazara. Amma akwai matakan da ba su fi ƙarfinmu ba.

A bar wani kaso na kara a gona, a kwance. Gwajin da aka yi a Sadore a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa tan 2 na kara a hekta ɗaya ya rage rairayin da iska ke kwasa da kusan rabi. Wanda ba shi da mai yawa, ya tara ɗan abin da ya samu a wurin da ya fi lalacewa, baɗi ya matsa gaba. Karan yana tare ƙurar hunturu mai ɗauke da yumɓu da kalsiyom, gara kuma ta ja shi cikin ƙasa ta huda faƙo.

A daina ƙone gona. Wuta tana mai da kabon hayaƙi. Toka tana da amfani, amma ba abincin bakteriya ba ce.

A bar saiwa cikin ƙasa. Idan za a yi harawa a yanke wake daga sama, kada a tumɓuke shi.

A haɗa hatsi da wake, ko a riƙa juya su shekara zuwa shekara.

A kai takin gida gona, a kuma nemi shiri da makiyaya su kwana a kanta. Takin da ya ruɓe cikin rami ya fi ɗanye, domin zafin ruɓa yana kashe da yawa daga irin ciyawa da ƙwayoyin cuta.

A faƙo a haƙa tasa ko rabin wata, a zuba taki tafi ɗaya ko biyu cikin kowane rami. Manoman Illela ta jihar Tawa sun ga wannan dabara a Yatenga ta Burkina Faso a 1989, suka komo suka farfaɗo da filayen da aka riga aka fid da rai da su. Ramin yana tara ruwa da taki wuri ɗaya, abin da bakteriya ke bukata ke nan.

Lokacin sassabe kada a tumɓuke kututture. A zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su girma, kamar yadda manoman Maraɗi suka fara yi tun shekarun 1980.

Takin zamani ba shi da kabon da zai ciyar da bakteriya, amma yana ƙara saiwa da kara, su kuma su ciyar da ita. Giram 6 na NPK 15-15-15, wato cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP a kowane ramin shuka ya isa. Ya fi aiki idan ya tarar da takin gida a wurin.

Mai son ya gani da idonsa, ga gwaji mai sauƙi. A ɗauko busasshen dunƙule daga gindin gawo ko makwancin shanu, a ɗauko wani daga wurin da ya gaji cikin gona ɗaya. A sa kowanne a hankali cikin kwano mai ruwa, kada a motsa. A duba wanda ya riga wargajewa, da wanda ya fi gurɓata ruwan.

Gefen lafiya

Danƙon da ke da amfani a gona yana iya zama illa a gida. Santsin nan da ake ji a cikin tulu ko randa ko jarka da ta daɗe ba a wanke ba, irin wannan yauƙi ne. Ƙwayoyin gudawa suna iya fakewa a cikinsa, maganin tsabtace ruwa kuma ba ya ratsa shi sosai. Ɗauraya kaɗai ba ta fid da shi. Sai an goge da soso da sabulu, an kife a rana ya bushe. Haka dattin da ke manne wa haƙori: bakteriyar baki ce ke ƙulla shi daga sukarin da muka sha, asuwaki ko buroshi ke kankare shi. Wanda ya taɓa taki kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Ƴan uwa manoma, ƙasar da muka gada ba ta da yumɓu mai yawa, ruwanta kuma ƙididdigagge ne. Waɗannan biyu ba su hannunmu. Abin da ke hannunmu shi ne ciyar da ƙwayoyin da ke ɗaure ta, kuma aiki ne na kowace shekara, tun da danƙon bara ba ya kai baɗi. Bana idan an gama girbi, kafin a ɗaure damin kara na ƙarshe, a tuna a bar wa gona rabonta.